Mabiyiya da Gyambon Mai Ciwon Sukari: Tarihin Wani Magani da Matsayinsa a Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Akwai abubuwa biyu waɗanda Bahaushe ya daɗe da saninsu, amma bai saba haɗa su cikin zance ɗaya ba. Na farko shi ne gyambo, watau mikin da ya ƙi warkewa, ya zauna a ƙafa wata da watanni. Na biyu kuwa ita ce mabiyiya, wadda takan biyo jariri bayan haihuwa, ungozoma ta wanke ta, a haƙa rami a binne. Likitocin Amurka da Turai sun haɗa waɗannan abubuwa biyu tun shekarar 1910, daga baya suka yi watsi da aikin, sa'an nan suka komo masa da ƙarfi a wannan ƙarni, har ya zama sana'ar biliyoyin daloli. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan tarihi, a kuma auna shi da halin da manomin rani yake ciki a Kura da Bunkure, inda ƙafa ita ce jarin mutum na farko. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, maganin yana da amfani na gaskiya, to amma gyambon da aka gwada shi a kansa ya sha bamban da gyambon da yake isa asibitocin Kano.

Gyambo a ƙasar Hausa kafin yaɗuwar ciwon sukari

Gyambo tsohon baƙo ne, shi ya sa harshen Hausa ya tanadar masa kalmomi nasa na kansa. Ana rarrabe rauni da miki da gyambo, akwai kuma kalmar fama, wadda asalinta bugun tsohon miki ne, kafin a are ta a kai ta ga tsohon baƙin ciki. A zamanin da, manyan masu kawo gyambo a ƙafa su ne kurkunu da kuturta, sai kuma ƙaramin rauni da yakan ruɓe da damina a jikin wanda abinci bai wadace shi ba. Maganinsa yana hannun wanzamai da masu saiwa: a wanke da ruwan ɗumi, a barbaɗa garin bagaruwa, a shafa zuma ko man shanu, a ɗaure da ganye ko tsumma. In ya ƙi ji, sai a fara zancen sammu, a ce mutum ya taka wani abu ne.

Kurkunu ya zama tarihi. Ƙidayar da aka fara a 1988 ta sami mutum sama da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya, amma an ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga ƙasar. Kuturta ma ta ja da baya ƙwarai tun da aka sami maganin sha, amma ita ta bar darasin da ya wajaba a tsaya a kansa. A shekarun 1930 ne mishan na SIM suka karɓi ragamar zangunan kutare na lardunan Arewa, irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A lokacin, kusan kowa ya ɗauka cutar ce da kanta take cinye yatsu. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ne ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar daga rashin jin zafi take fitowa. Ƙafar da ba ta ji, takan taka ƙaya ko ta ƙone, mai ita ya ci gaba da tafiya a kan mikin, kullum yana fama shi bai sani ba. In aka sa wa ƙafar siminti irin na masu karaya, nauyi ya daina sauka a wurin, sai gyambon shekara ya rufe cikin 'yan makonni. Da Brand ya koma Amurka a 1966 sai ya ga ashe ƙafar mai ciwon sukari irin wannan cuta take yi, kuma irin wannan magani take so. Ke nan ilmin da aka fi dogara da shi yau wajen jiyyar ƙafar mai sukari, daga wajen kutare aka samo shi.

Ruwan Tiga da ƙafar manomi

Kafin 1970 an fi sanin Kura da karofi da turkuɗi, wanda fatake suke kai wa Buzaye har cikin Sahara. Noman rani a lokacin bai wuce na fadama da jigo ba. Gwamnatin Audu Bako ce ta canza wannan. An fara gwaji a Kadawa da ruwan Bagauda, aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya ƙuntata wa ƙasashen Sahel, aka kuma tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a kashi na farko na shirin. Bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Daga nan ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama ta alkama da tumatir da albasa, daga baya kuma shinkafa ta rinjayi sauran.

Masana sun yi rubutu mai yawa a kan abin da wannan shiri ya yi wa mallakar gona, da kuma tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da suka biyo ruwan. Abin da ya yi wa ƙafa bai sami irin wannan kulawa ba. Da, manomi yana da hutun rani. Yanzu shekara zagaye yana cikin fangali. Ranar ban ruwa yakan wuni tsaye cikin laka, galibi ba takalmi, fatar ƙafa ta jiƙa ta yi laushi, da maraice kuma iskar hunturu ta busar da ita, faso ya buɗe a diddige. Ga tushiyar shinkafa mai tsini bayan yanka, ga ƙaya, ga bakin fartanya. Da asuba kuma ga jin ɗumi a bakin wuta. Ga mai lafiya, duk waɗannan abubuwa ne na kwana uku. Ga mai ciwon sukari kuwa, kowane ɗayansu yana iya zama mafarin rasa ƙafa.

Shi ciwon sukari ya yaɗu cikin waɗannan shekaru ɗin ne. Binciken ƙasa baki ɗaya na 1992 ya same shi a jikin kashi 2.2 cikin ɗari na manya. Wani nazari da likitocin Kano suka jagoranta, aka buga a 2018, ya tattara binciken da aka yi a sassa daban-daban, ya sami kusan kashi 5.8 cikin ɗari a ƙasa duka, da kashi 3 a Arewa maso Yamma. Kashi 3 ƙaramin adadi ne a takarda, amma a jiha mai yawan jama'a kamar Kano mutane ne masu ɗimbin yawa, kuma da dama daga cikinsu ba su san suna da shi ba sai ranar da ƙafa ta kai su asibiti.

Hanyoyi uku ne sukari yake bi ya ɓata ƙafa. Yakan kashe jijiyoyin ji, sai mutum ya zama kamar kuturun da Brand ya yi nazari. Yakan ƙuntata hanyoyin jini, sai abinci da iska su kasa isa ga mikin. Yakan kuma raunana garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Miki mai lafiya yakan yi kumburi na 'yan kwanaki, sa'an nan ya fara tsiro da sabon nama. Na mai sukari kuwa yakan maƙale a matakin kumburin, sinadaran da aikinsu share mataccen nama su yi yawa, har su riƙa rushe sabon da ake ginawa. A wannan gaɓa ce mabiyiya ta shigo cikin labarin.

Mabiyiya a hannun likitoci

Ya kamata a fayyace wane sashe ake nufi. Jariri a ciki yana kwance ne cikin wata jaka mai ruwa, wadda in ta tsage mata sukan ce faya ta fashe. In kuwa ya fito lulluɓe da ita, a ce ya zo da riga, a kira shi Mairiga. Bangon wannan jaka tantani ne rufi biyu, manne da mabiyiya, tare kuma suke fita. Rufin ciki, wanda yake taɓa ruwan, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, ba shi da jijiyar jini, kuma jikin wani mutum bai cika yin faɗa da shi ba in an ɗora masa. Shi ne likitoci suka fi amfani da shi, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci haɗe da rufin waje.

Amfani da mabiyiya a matsayin magani ya girmi likitancin zamani. Littafin magunguna na Li Shizhen, wanda aka buga a ƙasar Sin a 1596, ya ambaci busasshiyar mabiyiya cikin magungunan sha. Amma ɗora tantaninta a kan miki ya faro ne daga asibitin Johns Hopkins a Amurka, inda John Staige Davis ya ambace shi a 1910 cikin rahotonsa na dashen fata ga majiyyata 550. A 1913 wasu likitoci biyu, Stern da Sabella, kowanne ya ba da rahoton sa shi a kan ƙuna da gyambo, suka ce zafi yakan ragu, fata kuma takan yi saurin rufewa. A 1940 De Rötth ya gwada shi a ido, a 1950 kuma Troensegaard-Hansen ya buga sakamakon amfani da shi a kan tsofaffin gyambunan ƙafa a mujallar Lancet ta Ingila.

Akwai wani reshe na wannan tarihi da bai kamata a cakuɗa shi da wancan ba. Vladimir Filatov, likitan ido na birnin Odesa a zamanin Tarayyar Sobiyet, ya fito da wani ra'ayi a 1933 cewa naman jiki in an ajiye shi cikin sanyi yakan haifar da wasu sinadarai masu farfaɗo da jiki. Daga nan aka shiga tatso ruwan mabiyiya ana yin allura da man shafawa, irin su Placentrex na Indiya da Laennec na Japan. Ra'ayin Filatov bai tabbata yadda ya faɗe shi ba, kuma hujjar waɗannan magunguna ba ta kai ta tantanin ƙarfi ba. Duk wanda aka tallata wa kwalba da sunan mabiyiya, ya san ba ita ce ake magana a kanta a nan ba.

Me ya sa aka bar tantanin, alhali yana aiki, kuma kyauta ake samunsa? Dalili shi ne ɗanye ake amfani da shi. Daga ɗakin haihuwa ake ɗauko shi, a wanke da ruwan gishiri, a ɗora a rana ɗaya ko biyu, ba hanyar ajiya mai kyau, ba kuma tabbacin abin da ke cikin jinin mai haihuwar. Da cutar ƙanjamau ta bayyana a farkon shekarun 1980, sai aka ga haɗarin ya fi amfanin, asibitoci da yawa suka daina. Likitocin ido ne suka farfaɗo da shi, bayan da Kim da Tseng suka nuna a 1995 cewa ana iya daskarar da shi a ajiye, ya kuma yi aiki. Ajiya ta ba da damar a gwada jinin uwa a natse kafin a saki tantanin. Bayan haka kamfanoni suka gano yadda za a busar da shi, a kashe ƙwayoyin cuta, a yanka shi ƙanana a rufe cikin leda, ya yi shekaru a kan kanta ba tare da firji ba.

Abin da gwaji ya nuna, da abin da kuɗi suka yi

Tantanin ba ya kama jiki ya zama fata. Yakan narke a hankali, shi ya sa ake sake sabo kowane mako ko mako biyu. Amfaninsa shi ne yana ɗauke da saƙar kolajin wadda ƙwayoyin fata suke bi su rarrafo daga gefen mikin, da sinadaran da suke zuga su su hayayyafa, da waɗanda suke taka wa masu rushe nama birki.

A 2013 Zelen da abokan aikinsa suka buga gwajin busasshen tantani mai suna EpiFix a kan mutum 25: cikin mako shida kashi 92 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa sun warke, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8 kacal. A 2014 Lavery da abokansa suka gwada daskararre mai suna Grafix a kan mutum 97, aka sami kashi 62 da kashi 21 cikin mako goma sha biyu. Lissafin yana da ban sha'awa, amma ɗalibi ya lura da abubuwa biyu. Mutanen kaɗan ne, kuma kamfanonin da suke sayar da kayan su ne suka biya kuɗin gwajin. Na biyun ya fi muhimmanci: ba a shigar da mai gyambon da ya kamu da ƙwayoyin cuta ba, ko wanda ya ci har ƙashi, ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai, kuma kowa an kankare masa mataccen nama, an ɗauke wa ƙafar nauyi. Saboda haka ne kwamitin duniya na masana ƙafar masu ciwon sukari, cikin ƙa'idojinsa na 2019 da na 2023, bai wuce cewa a iya duba yiwuwar amfani da shi ba, a matsayin ƙari, inda jiyya ta yau da kullum ta gaza, ya kuma bayyana cewa hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Ma'aunin da likitoci suka saba bi shi ne a yi mako huɗu ana jiyya mai kyau. In faɗin gyambon bai ragu da rabi ba, sa'an nan a nemi ƙari.

A Amurka kuwa kasuwa ta riga hujja gudu. Abin da Medicare, watau inshorar lafiya ta tsofaffi, take biya a kan irin waɗannan abubuwan rufe miki ya tashi daga kimanin dala miliyan 250 a 2019 zuwa sama da dala biliyan 10 a 2024. A wannan shekara ta 2024 aka kama wasu mata da miji a jihar Arizona waɗanda suka sa aka riƙa liƙa wa tsofaffi tantanin ba bisa bukata ba, har da waɗanda suke kan gargarar mutuwa, suka nemi a biya su sama da dala biliyan 1, kuma sun amsa laifinsu. Daga Janairun 2026 gwamnati ta yanke farashi ɗaya, kimanin dala 127 a kan kowace murabba'in santimita. Ko da wannan ragi, gyambo mai faɗin santimita biyu da tsawon biyu zai ci kusan dala 500 a ɗauri ɗaya. Ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda dokar 2024 ta yanka, sai ya tara na watanni masu yawa kafin ya biya na mako guda.

Komawa Kura

To, wane irin gyambo ne yake isa asibiti a nan? Tsakanin 2016 da 2017 an bi majiyyata 336 a manyan asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. An sami cewa gyambon ƙafa shi ne sanadin kusan rubu'in kwanciyar masu ciwon sukari. Mafi yawansu sun zo ne bayan ya haura wata guda, ya yi zurfi, ya yi mugunya. Kashi 35.4 cikin ɗari an yanke musu wani sashe na ƙafa, kashi 20.5 kuma sun rasu a asibitin. Watau mafi yawan waɗannan mutane, da sun je neman shiga gwajin Zelen ko na Lavery, da a bakin ƙofa za a mayar da su. Tantani a kan ƙashin da ya ruɓe ɓarnar kuɗi ce kawai.

Wannan ba ya nufin a rufe zancen. Abin da kamfanonin Amurka suke sayarwa da tsada, kullum ana binne shi a Kura da Bunkure. Akwai kuma hanyoyin ajiya masu sauƙi, kamar tsoma tantanin cikin gilisarin a sa a firji, ko busar da shi a kashe ƙwayoyin cuta da haske mai ratsa jiki, kamar yadda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta taimaki wasu ƙasashen Asiya suka yi. Asibitin koyarwa yana iya kafa irin wannan ma'ajiya, kuma masu ƙuna da masu ciwon ido za su amfana tun kafin masu sukari. Sai dai sharuɗɗan suna da nauyi. Mabiyiyar da ake so ita ce ta wadda aka yi wa fiɗa aka ciro jariri cikin tsabta, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ko kashi ɗaya cikin biyar na haihuwa a Arewa maso Yamma ba a asibiti ake yi ba. Dole a gwada jinin uwa saboda ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, a ƙasar da wani bincike na 2018 ya sami ciwon hanta nau'in B a jikin kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya. Dole a sami wutar lantarki da ba ta yankewa, da rajistar da za ta nuna wace mabiyiya ce ta je ƙafar wa. In aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, an koma aikin da duniya ta bari a shekarun 1980.

Sa'an nan ga zancen yarda. Bahaushe ba ya ɗaukar mabiyiya a matsayin shara. Ana binne ta da kulawa, don mutunci da kuma tsoron kada ta faɗa hannun mugu, kuma in mutum yana son nuna asalinsa yakan ce ga inda aka binne cibiyarsa. Ko a asibiti aka haihu, dangi sukan karɓe ta su tafi da ita gida. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta duba mas'alar a 1992, ta ce babu laifi a amfana da mabiyiya don bukatun likitanci, amma magungunan da ake tatsowa daga gare ta don sha ko allura ba su halatta sai bisa larura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta shardanta izinin mai bayarwa, ta hana cinikin sassan jikin ɗan Adam. Abin da zai sauƙaƙa magana da iyali shi ne tantanin kaɗai ake ɓarewa. Ita mabiyiyar ana iya miƙa musu ita su binne yadda suka saba. Amma wannan bayani sai an yi shi tun a wajen awon ciki, da bakin ungozoma da malamin gari, ba a ranar naƙuda ba.

Duk da haka, jami'in da yake rarraba kuɗin lafiya na ƙaramar hukuma zai fi samun riba a matakan da suke gaba da wannan. Gwajin sukari a ɗan yatsa yana yiwuwa a kowane ƙaramin asibiti. Gano ƙafar da ta daina ji ba ya bukatar komai sai wani siririn zaren roba mai matsin giram 10, wanda ma'aikatan kuturta suka daɗe suna aiki da irinsa, da minti biyu na ma'aikacin da zai ce wa majiyyaci ya cire takalmi. Takalmin roba mai dogon wuya yana tsare ƙafa a fangali, muddin ana zazzage shi kafin a sa, ana kuma busar da tsakanin yatsu bayan an tashi aiki da bayan alwala. Simintin Brand ba baƙon abu ba ne a jihar da take da Asibitin Ƙashi na Dala. Wuyar tana wajen manomin: a ce masa ya ɗauke ƙafa daga ƙasa mako shida ko takwas, alhali tumatirinsa ya nuna, motocin kudu suna jira a Kwanar Gafan, kuma ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan ƙwadago. Mafi yawa sukan zaɓi gonar, su ɗaure ƙafar da tsumma, su ce sai an kwashe amfani. Tsakanin wannan rana da ranar da za a sauke shi daga mota a Asibitin Murtala, sau da yawa wata biyu ne ko uku, kuma cikin waɗannan watanni ne gyambon yake ratsa nama ya kai ga ƙashi.